Abokiyar Zamana Nas Ce

Duk wanda ya saba da littattafanmu na kasuwa ya san irin kishiyar da ke ciki: mai bin boka, mai zuba gishiri a miyar 'yar uwarta, mai laɓewa a bayan taga. Ni ma na rubuta irinsu, kuma sun sayu. To yau labarin tawa abokiyar zaman zan ba ku, wadda ba ta da ko lokacin laɓewa a bayan taga, domin mako guda a kowane wata ba a gida take kwana ba. Nas ce. Yara suna kiranta Anti Nas, ita kuma tana ce mini Yaya.

Lokacin da aka kawo ta gidan a 2019, a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi take aiki, ta fita da safe ta dawo bayan azahar, ba wanda ya san ma tana da wata wahala. A 2022 aka ɗaga ta zuwa wani babban asibitin gwamnati a nan Kano, ɗakin yara. A can aiki kashi uku ne, na safe, na yamma, na dare. Na daren a wajensu daga ƙarfe 9 ne zuwa 8 na safe, dare bakwai a jere, sannan a ba ta hutu. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana 'yan adaidaita sahu aiki daga 10 na dare zuwa 6 na safe, saboda haka in maigidan ya sauke ta a bakin get, ta shiga ke nan sai gari ya waye, ko da kuwa ɗanta ne ya kwana da zazzaɓi a gida. Yaron a lokacin shekararsa biyu. A ɗakina yake kwana.

Abu na farko da mutane ke tambaya, da murya ƙasa-ƙasa, shi ne: to yaya kuke yi da kwana? Wallahi wannan shi ne mafi sauƙi cikin lamarin. Kwana bibbiyu muke yi. Da aka liƙa mata rosta muka zauna mu uku, aka ce makon da take diyutin dare ni ke da girki gaba ɗaya, in ta shiga hutu a rama mata kwanakinta. Ai ba a kanmu aka fara ba, tunda Nana Sauda ma ta bar wa Nana A'isha kwananta, balle mu da rance ne kawai. Maganar ba ta kai minti goma ba.

Abin da ya kusa raba ta da aikin, barci ne.

Ni na san dare. Shekara ashirin ke nan sai yara sun kwanta nake jawo littafi mai falle arba'in in fara rubutu, yanzu kuma waya. Amma nawa daren na ganin dama ne, in idona ya yi nauyi sai in ajiye biro, babu wanda zai mutu don jarumata ta kwana ba ta amsa wa saurayinta ba. Ita kuwa ta ce mini tsakanin ƙarfe 3 zuwa 4 wani sanyi ke ratsa mutum ko da a watan Afrilu ne, hannu ya yi nauyi, rubutun takarda ya riƙa rawa. Ta ce ba ragwanci ba ne, a makaranta an koya musu cewa jiki yana da agogonsa da ke bin haske da duhu, duhu na yi ƙwaƙwalwa ke sakin wani sinadari mai kawo barci, zafin jiki kuma ya sauka wajen asuba. A daidai wannan lokacin ne za ta tsaya tana lissafin maganin jariri, wanda da nauyin jikinsa ake auna shi. Ɗigo ɗaya in ya goce a lissafi, yaro ya sha ninki goma. Da damina kuwa, daga Agusta zuwa Oktoba, zazzaɓin cizon sauro ke cika musu ɗaki, wannan na jijjiga, wancan na jiran ƙarin jini. A 2023 ga mashaƙo ya sauka a Kano. Duk wannan mutum zai yi shi ne da barcin da ya samu da rana.

To a ina barcin rana yake a gidan Bahaushe? Ku tsaya ku lissafa da ni. Za ta shigo wajen 9, ta yi wanka, ta kwanta. Kafin 10 mai injin markaɗe na maƙwabta ya tayar. Almajiri ya yi sallama, mai tallan awara ta leƙo, mai ruwa ya buga jarka, a bayan gida ana daka. NEPA ta ɗauke, kwano ya ɗau zafi, ɗaki ya zama tanda. Duk waɗannan da sauƙi. Babbar matsalar ita ce unguwa ta san akwai nas a gidan. Wata za ta zo a auna mata jini, wata allurar da aka rubuta mata take so a yi mata, wata takardar gwaji ta kawo a karanta mata, wata kuwa cewa take, "Ba wani abu ba ne, ɗan kurji ne ya fito wa yaron, ta duba kawai." Ita kuma ga kunya, ba ta iya cewa a'a. Sai ta fito da jan ido, ta duba, ta koma, barcin ya riga ya tafi.

A zagaye na uku ta faɗa sosai. Ciwon kai ba ya sakinta, ciki ya rikice, abu kaɗan sai hawaye. Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta zo wata ranar Laraba da hantsi ta tarar ana barci. Ta ce, "Ikon Allah! Matar aure da barci rana tsaka? Mu a zamaninmu ko jego kike ba kya kai hantsi." Daga baya ta kira ɗanta ta ce ita ba ta gane wa aikin da zai sa mace kwana a waje ba, mutane na magana. Ranar da daddare, kafin ta fita, Anti Nas ta same ni a kicin ta ce, "Yaya, ni dai ina ga ajiyewa zan yi. Jiya sau uku ina maimaita lissafi ɗaya ban yarda da kaina ba. Gara in bari da in kashe ɗan wani."

A nan bari in ɗan faɗi ra'ayina, wanda zai ji haushi ya ji. Babu namijin da ke son namiji ya duba masa mata in naƙuda ta tashi ƙarfe 2 na dare. Kowa cewa yake a nemo mace. Amma wannan macen da ake nema, matar wa ce? 'Yar wa ce? Kowa so yake ta fito daga gidan wani. Ita kanta Hajiya, da hawan jininta ya tashi aka kwantar da ita, ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai mata, kuma matan nan kowacce da gidan da ta baro.

Washegari na tura yaro kasuwa ya sayo kwaɗo. Daga 9 da rabi zuwa 2 na rana, ƙofar sashenta a rufe, mukulli a bakin zanina. Na ɗauko tsohon bargo muka rufe tagar, ɗakin ya zama kamar dare. Maigidan ya sayo fanka mai caji. Na hana daka a gidan sai bayan azahar, yara kuma in an taso daga makaranta sashena suke wucewa. Masu zuwa awon jini na ce su dawo bayan magariba, ko su jira makon hutu. Ban tsira ba. Har kunnena aka ce kishi ne ke cina, na kulle yarinya ina hana ta mutane. Wata ma cewa ta yi ai dama marubutan nan sun fi kowa sanin makirci. Na yi dariya har da ƙwalla, don wannan kam ko a littafi ban taɓa kawo irinsa ba.

Sauran gyaran ita ta yi abinta, a hankali, tana tambayar manyan sistocin da suka shekara ashirin a kai. Ta daina cin tuwo kafin fita, don yana saukar mata da kasala, sai ta ci abinci sosai da la'asar ta tafi da ɗan abu mara nauyi a kula. Shayi da goro ta tsayar da su daga ƙarfe 3, in ba haka ba idonta ba zai rufu da safe ba. Tana sa baƙin gilashi a hanyar dawowa, har 'yan unguwa na cewa ta fara iyayi, alhali hasken safiya take karewa kada jiki ya ɗauka lokacin tashi ne. In ta tashi ƙarfe 2 ta yi azahar ta ci abinci, bayan la'asar ta ƙara awa guda. Ranar da ta gama dare na bakwai kuwa awa uku kacal take yi, ta daure har isha, don barcin dare ya dawo mata. Ba zan ce ta saba ba, ita ma ba ta cewa haka. Dare na biyu da na uku har yanzu suna ba ta wuya, kuma azumi in ya haɗu da diyutin dare sai dai haƙuri, sahur a tsaye, wani lokacin ruwa kawai. Da ƙungiyar nas-nas ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, cikin buƙatunsu har da ƙarin alawus na aikin karɓa-karɓa, ban yi mamaki ba ko kaɗan.

Hajiya ba ta sauya ra'ayi ba, har gobe tana cewa aikin bai dace da matar aure ba. Sai dai yanzu in za ta zo awon jininta, takan aiko jikanta tukuna ya tambaye ni ko Nas ta tashi. Babbar 'yata kuma, wadda ta gama sakandare bana, ta ce makarantar koyon aikin jinya take so. Anti Nas ta ce mata ta bari sai ta raka ta dare ɗaya tukuna, in matiron ta yarda, sannan a sayi fom.