Amanar da na kusa kashewa da ruwa

A watan Satumba na shekarar 2016 wani aminina ya aiko a kira ni, yana kwance ba lafiya a gidansa nan Maraɗi. Tare muka shiga lakkwal da shi, tare muka kama aikin gwamnati, shi a ma'aikatar ruwa da dazuzzuka, ni kuwa a biro na lissafin kuɗi. Ina tafe ina zaton zancen bashi ko na fili zai yi mini. Da na zauna sai ya nuna mini wata tukunyar ƙasa a gindin bedi, ya ce: "Malam, wancan tsiron na ƴar autata ne. In ta yi ɗakinta ka kai mata. Ka ba shi ruwa da damana, ka manta da shi da rani." Na ce to, Allah ya ba ka lafiya. Bayan kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Da aka yi sadakar uku na sa yaro ya ɗauko tukunyar ya kawo gidana.

Tsiron nan ɗaya ne daga cikin dangin furen da ake kira orkide da Faransanci. Danginsu babba ne, kusan iri 28,000 aka sani a duniya, kuma itacen banil da ake sa ƙamshinsa a cikin gato da madara ɗan gidansu ne. Da yawansu a kan rassan itatuwa suke rayuwa a ƙasashe masu ruwa, amma wannan na ƙasa ne. Masana sun sa masa suna Eulophia guineensis, sunan da Bature John Lindley na Ingila ya raɗa masa a 1823. Yana fitowa da kansa daga ƙasashen gaɓar teku na Afirka ta Yamma har Habasha, har ma Yaman da Oman, galibi tsakanin duwatsu, cikin inuwa, inda busasshen ganye ya taru ya ruɓe. Marigayi ya saye shi a wurin wani mai lambun furanni a Kwatano, kuma da yake ma'aikacin daji ne bai tsallako da shi ba sai da ya nemi takardar izini, domin yarjejeniyar Washinton ta 1973 ta sa dukan dangin orkide cikin tsirran da ba a ƙetare iyaka da su haka kawai. Ƴan kasuwarmu masu bin hanyar Kwatano da Lome su riƙe wannan.

Ranar da ya shigo gidana kawuna biyar ne gare shi, kowane kamar kan albasa mai tsini, a jere bisa ƙasa, da ganye masu faɗi da tsawo, masu layi-layi kamar an ninke takarda an warware. Ina ba shi ruwa safe da marece, yana nan kore shar. Da Oktoba ta ƙare sai ganyen ya fara rawaya. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Ganye ɗaya ya faɗi, na ƙara. Da hunturu ya sauka ba sauran ganye ko ɗaya, ni kuwa hankalina ya tashi, ina ganin amanar mamaci tana mutuwa a hannuna tun ba a yi wata huɗu ba. Na samo takin awaki na zuba masa, na tula ƙasa na rufe kawunan don kada sanyi ya taɓa su. Rabin wasiyyar kaɗai na riƙe. Rabi na biyu, wato in manta da shi da rani, na ɗauka zafin ciwo ne ya sa ya faɗa, don ban taɓa jin shukar tukunya da ake hana wa ruwa wata biyar a ƙasar nan tamu ba.

A watan Janairu na 2017 na ji wari yana tashi daga tukunyar. Na tona da yatsa, sai na tarar kawuna uku sun zama baƙi, sun yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir. Ranar ban shiga biro da daɗin rai ba. Da marece na tafi gidan marigayi, na gaida uwargidansa, na faɗa mata abin da na yi ba ɓoye-ɓoye. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon kaye na ƴan lakkwal cike da rubutunsa, inda yake sa ranar da ya fara ba tsiron ruwa da ranar da ya daina, shekara bisa shekara. Tsakanin Nuwamba da Afrilu ba kome a shafin. Ta ce: "Ai shi in ganyen ya zube, bayan ɗaki yake kai tukunyar ya aje, ko kallonta ba ya yi." Rashin sani ya fi dare duhu.

Daga kayen nan na gane yadda abin yake. Kan da nake rufewa da ƙasa shi ne rumbun tsiron: da damana yake tara ruwa da abinci a ciki, da rani kuwa ya zubar da ganye ya daina sha, ya ci daga abin da ya tara. Saiwar da ta daina sha in ta kwana cikin laima sai ta rasa iska ta ruɓe, ruɓar kuma ta hau har cikin kan. Rawayar da na gani a Oktoba alama ce ta cewa ya gama aikinsa na shekara.

Na juye tukunyar na fitar da kawuna biyun da suka rage. Na gasa wuƙa a wuta, na yanke duk inda ya yi baƙi, na barbaɗa garin gawayi a kan yankan, na bar su a inuwa mako ɗaya suka bushe. Sa'an nan na sa maginiya ta yi mini sabuwar tukunya mai huda da yawa a gindi. Na shimfiɗa tsingaro a ƙasa, na haɗa yashi mai tsakuwa na Gulbin Maraɗi da gutsattsarin gawayi da ruɓaɓɓen ganye da tsohon ɓawon gyaɗa, haɗin da in ka zuba ruwa yanzu zai fita ta ƙasa yanzu. Na ɗora kawunan a kai, gindinsu kaɗai ya shiga. Na ɗora tukunyar bisa bulo saboda gara, na kewaye ta da waya saboda awaki, na ɗauke hannuna.

Ɗauke hannun nan ya fi mini kome wuya. A Afrilu, da zafin Maraɗi ya haura digiri 40, kawunan suka yamutse kaɗan, ni kuwa kullum in na yi alwala sai in tsaya da buta a kansu ina gardama da zuciyata. Abin da ya ƙara mini tsoro shi ne in waɗannan biyun suka tafi ba a maye su da iri kamar gero. Irin orkide ƙura ce, ba shi da guzurin da ƙwayar hatsi take da shi, kuma ba ya tsirowa a daji sai wani irin funfuna na cikin ƙasa ya shiga jikinsa ya ciyar da shi. Wani masani Bafaranshe, Noël Bernard, shi ya gano haka a 1899. Mai gida irina ba shi da hanyar yawaita tsiron sai ta raba kawuna.

A ƙarshen Mayu wani ɗan tsini kore ya leƙo daga gindin kai ɗaya. Ban gaggauta ba. Na jira sai da sababbin saiwoyi suka fito suka kama ƙasa, sa'an nan na fara ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a gefen tukunya, ba a cikin zuciyar tohon ba. Da damana ta zauna sai na koma ba shi ruwan indararo duk sa'ad da saman ƙasar ya bushe, da ruwan tsohon takin shanu wanda aka tsinka ƙwarai sau biyu a wata. Ranar safe kaɗai yake gani, inuwar bedi ta rufe shi kafin hantsi ya ɗaga, don ranar tsaka tana ƙone ganyen. Shekarar nan bai yi fure ba, amma ya yi sababbin kawuna biyu.

A Yuni na 2018 ya fitar da sanda daga gefen kai, ta yi tsawo ta kusa kai mini ƙugu, furanni suka riƙa buɗewa daga ƙasa zuwa sama. Kowane fure yana da ƴan kunnuwa biyar sirara, kore da ruwan ƙasa, a miƙe sama, da leɓe ɗaya mai faɗi, ruwan hoda, da jijiyoyi shunayya a tsakiya. Maiɗakina, wadda ta daɗe tana tambayata amfanin shukar da ba a miya da ita, ta fito ta duba, ta ce ko ba kome shi kaɗai ne a gidan nan ba ya neman kuɗin ƴan ga-ruwa da rani. Na aika aka kira uwargidan marigayi da ƴarta. Yarinyar ta daɗe a tsugune gaban tukunyar, ba ta ce kome ba, mu ma ba mu ce ba.

A 2022 aka ɗaura mata aure, mijin ma'aikaci ne a Damagaram. Kawunan sun kai tara a lokacin. Na yi niyyar kai mata duka, amma uwarta ta ce a raba, don in wani ya lalace wani ya saura. A farkon Mayu, kafin toho, na raba su da wuƙa gasasshiya, biyar nata, huɗu nawa, domin rabon da bai kai kawuna uku ba yakan jima bai yi fure ba. Na kwafe mata kayen mahaifinta, na haɗa da tukunyar cikin kayan ɗakinta.

A Disamba na shekarar ta kira ni a talho da muryar kuka: "Baba, ganyen duk ya zube, na kashe shi." Na tambaye ta ko kawunan suna da tauri in ta matsa su, ta ce suna da tauri. Na ce: "Ƴata, kai shi bayan ɗaki, inda rana ba ta dukansa, kada ki ba shi ko digo sai kin ga toho." Ta ce to. A Yuni na 2023 ta aiko mini da hotonsa da sanda biyu.

Allah ya jiƙan aminina, ya sa ya huta, ya ba mu ikon riƙe amana yadda mai ita ya faɗa. Amin.