Zamana a Ƙasar Cuku da Inabi

Mutumin Italiya bai yarda akwai wani abu wai shi abincin Italiya ba. Ƙasar ta haɗe tun 1861, amma tukwanenta har gobe kowace na kan murhunta. Na fahimci haka a shekarun da na yi ina aiki a wata masana'antar tayil a Sassuolo, kusa da Modena, inda abokan aikina ke iya ƙarar da hutun rana kaf suna musu kan ko a Bolonya aka fara naɗa tortellini ko a Modena. Garuruwan biyu kuwa tafiyar ƙasa da awa guda ce a mota.

Yankin Emilia, inda garuruwan nan suke, wuri ne mai wuyar zama ga Musulmi mai son ci. Alade ya shiga ko'ina. Yana cikin tortellini ɗin da suke faɗa a kai, yana cikin mortadella, har burodi ma wani da kitsensa ake kwaɓawa. Tsohuwar da nake haya a gidanta ta daɗe tana kallona da tausayi, kamar mai wata larura, kafin ta yanke shawarar ba zan rame a hannunta ba. Ran Lahadi sai ta murza taliya da ƙwai a kan allo, da wata muciya mai tsawo, har sai ta yi shara-shara kana hango zanen katakon ta ƙarƙashi. Ta yanka murabba'i-murabba'i, ta cusa cuku mai laushi da alayyafo, ta naɗe da yatsa, ta zuba man shanu da ganyen ƙamshi. Da kaka kuma sai ta cusa kabewa. "Ci, ɗana, wannan babu ruwansa da abin da kake gudu," haka take cewa. Ni kuma Nonna nake kiranta, kamar yadda jikokinta ke yi.

A gefen farantin kowa akwai kofin Lambrusco, jar giyar inabi mai kumfa, ban da nawa. Ban taɓa kai ta baki ba, amma na sha bayaninta har na ƙoshi. Mijin Nonna ya ce abincinsu maiƙo ne, sai an samu abu mai tsami da kumfa ya wanke harshe, shi ya sa Allah ya ba su wannan inabin ba wani ba. Ta Sorbara ja-ja ce, ta Castelvetro ta fi duhu, kuma kowane ƙauye tasa yake yabo. In ka ambaci Chianti sai ya ɗaga hannu: wannan ta mutanen Toskana ce, su da ke gasa tsokar sa mai kaurin yatsu uku, su ci da burodin da ba a sa wa gishiri. Barolo kuwa ta masu kuɗin Piemonte ce. Ni dai ruwa mai kumfa ake zuba mini, kuma a ganina ya yi aikin da ake faɗa.

Ashe inabin yana da wata hanyar da zai iso gare ni. A saman gidan, ƙarƙashin rufi, akwai jerin gangunan katako daga babba zuwa ƙarama, kowace da irin icenta. Ruwan inabi ake dafawa har ya yi kauri, a zuba a babbar, duk shekara a ɗebi kaɗan daga wannan a ƙara wa ta gaba. Zafin bazara da sanyin hunturu su ke yin sauran aikin. Sai ya shekara 12 kafin a kira shi balsamico na gargajiya, na manya kuma 25. Limamin masallacinmu ya ce khal ne, ba laifi. Ranar da tsohon ya ɗiga mini ɗigo uku a kan gutsuren cuku, baƙi wuluk, zaƙi da tsami suna kokawa, na yi shiru har ya yi dariya. Ya ce jerin gangunan an fara shi ne ranar da aka haifi 'yarsa, kuma da shi za ta tafi gidan miji.

Shi cukun, Parmigiano Reggiano, ya isa a yi masa littafi. Dunƙule ɗaya yana kai kilo 40, yana cinye madara wajen lita 550. Bayan wata 12 sai gwani ya zo da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare, yadda mace ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin ta biya. Wanda ya yi sauti mai kyau a buga masa hatimi da wuta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, masu tatsar shanun da asuba da yawansu Indiyawa ne 'yan Punjab, masu rawani. Muna haɗuwa da su a tasha cikin hazon kwarin kogin Po, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi.

Sau ɗaya na ji ni a gida sosai, a Trapani ta tsibirin Sisili, inda ake murza kuskus da hannu a turara shi, a kwarara masa romon kifi. Larabawa sun shigo tsibirin a 827, kuma Tunisiya na tsallaken ruwa. Can farar giya suke ɗorawa a tebur, ba ja ba.

A watan Mayun 2012 ƙasa ta girgiza a Emilia har sau biyu, ranar 20 da ranar 29. Mutane sun mutu, masana'antu sun rushe, kantocin ajiyar cuku suka kife, dunƙule dubbai suka farfashe a ƙasa. Sai jama'a suka yi layi suna sayen fasasshen don masu yin sa su tashi. Mu ma a wurin aiki muka yi karo-karo, Bagana da Bamaroko da ɗan Napoli, aka raba mana kilo-kilo. Nawa na kai wa Nonna, ta duba ɓawon, ta karanta lambar gidan da ya fito, ta ce ta san uwar mai shi.