Katar a ƙirjin ɗalibina

Na shafe fiye da shekara ashirin ina koyar da labarin ƙasa a Damagaram. A da, idan na zo nuna Katar a taswira, sai na ce wa ɗalibai su matso kusa, don ba ta wuce ƙwayar gero a gefen Saudiyya ba. Jahar Damagaram kaɗai ta ninka ta fiye da sau 10. Kafin jarrabawa ta zo sun manta da ita.

Yanzu kuwa, ranar da babu makaranta nakan gamu da su sanye da rigar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta PSG, an rubuta Qatar Airways a ƙirji. Abin da darasina ya kasa, tamola ta yi shi.

A 2011 ne wani kamfanin zuba jari na gwamnatin Katar ya sayi wannan ƙungiya ta birnin Pari. Ba ita ta fara ba: tun 2008 wani ɗan gidan sarautar Abu Dabi ya mallaki Manchester City, daga baya kuma, a 2021, asusun gwamnatin Saudiyya ya karɓi Newcastle. Amma shekarar da ta buɗe mini ido ita ce 2017. A watan Yuni, Saudiyya da Daular Larabawa da Baharen da Masar suka yanke hulɗa da Katar, aka rufe mata iyaka. Wata biyu bayan haka PSG ta sayo Neymar kan yuro miliyan 222, wato fiye da miliyar 145 na sefa. Duniya ta fahimci saƙon: ƙasar da aka yi wa ƙawanya tana nan da ƙarfinta. Ƙaramar ƙasa mai arzikin gas, tsakanin manyan maƙwabta, ta gane cewa wanda kowa ya san sunansa yana da wuyar haɗiyewa.

Wata rana na kawo wa aji zancen baƙin leburorin da suka gina filayen gasar cin kofin duniya ta 2022, da koke-koken da aka yi kan albashinsu da mace-macensu. Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce: “Malam, mu dai ƙwallo muke kallo.” Na rasa amsar da zan ba shi nan take, domin ni ma a 2025, daren da PSG ta ci Inter 5 da nema ta ɗauki kofin zakarun Turai, na yi ihu a gidan kallo har muryata ta dushe.

Ban hana kowa sa rigarsa ba, ni ma ban daina kallo ba. Sai dai na sauya darasin. Yanzu da rigar nake farawa: wa ya biya kuɗin rubutun nan, me yake nema, kuma wa ya yi gumin? Daga nan sai mu koma ga taswira.