Ranar da muka je ganin teku a Garan-Popo

Ƴan uwa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, muna gaisuwa daga Kwatano. In muka ce muku akwai ɗan Nijar da ya yi shekara goma a garin nan bai taɓa tsoma ƙafarsa cikin teku ba, za ku ce zolaya ce. Wallahi gaskiya ce, kuma da yawanmu haka muke. Tekun da muka sani shi ne na bayan katangar tashar jiragen ruwa: kwantena, takardun fito, layin manyan motoci. Daga Zongo zuwa tasha, daga tasha zuwa kasuwar Dantokpa, sai masallaci, sai barci. Shinkafa da man girkin da kuke saye a kasuwa ta ruwan nan suka biyo shekara da shekaru, amma mu da ke ɗora su a mota ba mu san shi ba.

Rashin aiki ne ya kai mu. Kun san yadda abin ya faru: ƙarshen Yulin 2023 CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe gadar da ke tsakanin Malanvil da Gaya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma gadar ba ta buɗe ba, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina. Mu masu cin abinci a hanyar Kwatano sai muka zama ƴan zaman shayi. Wata Lahadi da hantsi, mu shida muna kan tabarma, babbanmu da muke kira Alhaji ya ce, "Ku tashi, zaman nan zai sa mana hawan jini." Babu shiri ko kaɗan. Kowa ya kawo jika uku na mai, muka sayi burodi da kilishi, muka ɗauki butoci da kayan shayi, muka shiga tsohuwar motar wani ɗan Tasawa da ke cikinmu.

Hanyar Lome muka kama. A Wida, wajen kilomita 40 daga Kwatano, muka sauka daga babban titi muka bi hanyar da ake kira hanyar bayi, wadda ta tashi daga tsakiyar gari ta ƙare a bakin ruwa, kusan kilomita 4. A ƙarshenta akwai wata babbar ƙofa da aka gina a 1995, Ƙofar Rashin Dawowa. Nan raha ta tsaya. Cikin mutanen da aka kora ta gaɓar nan zuwa Barazil akwai Hausawa, har tarihi ya rubuta yunƙurin tawayensu a Bahiya a 1807, da kuma na Musulmin garin a 1835. Ka duba, mutumin da aka kamo daga ƙasar gero, bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabki ko gulbi ba, ranar da ya fara ganin teku ita ce ranar da aka sa shi a jirgi. Ƙaramin cikinmu ya ɗaga salula zai yi hoto, sai ya mayar da ita aljihu.

Kafin ƙofar, a ƙauyen Jegbaji, mun ga abin da ya ba mu dariya da mamaki tare. Mata ne ke dafa gishiri: su kankaro ƙasa, su zuba a manyan kwanduna, su tace da ruwa, su dafa ruwan har ya ƙafe. Wani ɗan Dosso da ke tare da mu ya ce, "Kai, ai wannan aikin Foga ne!" Haka kuwa yake, kusan yadda ake yi a Dallol Foga. Muka sayi ƙulli biyu.

Bakin ruwan Wida akwai jama'a, mu kuma inda ba kowa muke so. Wani mai kabu-kabu, a nan zem ake ce musu, ya ce mu wuce Garan-Popo mu nemi Avlo. Muka koma titi, muka ƙara tafiya har kusa da iyakar Togo, sannan muka juya muka bi wata hanyar rairayi tsakanin itatuwan kwakwa, teku a dama, kogin Mono a hagu. Sau biyu mota ta kafe, sau biyu muka tura. Mutanen da suka san rairayin hanyar Tanut ba wannan zai tsorata su ba. A Avlo muka yi ciniki da mai kwale-kwale, ya kai mu Bouche du Roy, inda Mono ke shiga teku. Da Faransanci sunan kamar "bakin sarki" yake nufi, amma asalinsa kalmar Fotugal ce mai nufin bakin kogi.

Wurin wani siririn tudun rairayi ne, ba gida, ba shago, ba mai talla. Gefe ɗaya ruwan kogi kwance lif kamar tabkin Madarunfa da safe, ɗaya gefen igiyar ruwa na dukan ƙasa da ƙarar da sai ka ɗaga murya za a ji ka. Mai kwale-kwalen ya ja mana kunne tun kafin mu sauka: a gefen teku kada ruwa ya wuce gwiwa, don igiyar gaɓar nan tana ja da baya, ko gwanin iyo tana tafiya da shi. Mu da babu mai iyo ko ɗaya a cikinmu, ba mu yi gardama ba. Alhaji, mai shekara sittin da wani abu, ya naɗe wando ya tsaya. Da ruwa ya zo ya janye rairayin ƙarƙashin ƙafarsa, ya riƙe hannun ƙaraminmu gam, yana cewa, "Ɗana, ƙasa tafiya take!" Muka yi ta dariya har da hawaye. Muka yi alwala da ruwan gishiri, muka yi Azahar da teku a hannun dama, muka hura gawayi.

A wajen shayi na biyu ne maganar da muka yi wata da watanni muna kaucewa ta fito. A Zongo ba a yinta, don akwai kunnuwa, kuma kowa na kare mutuncinsa. Nan kuwa ba mai jinmu sai kaguwa. Ɗan Tasawa ya ce wata biyar bai aika ko dala gida ba, kuma ya daina ɗaukar wayar mahaifiyarsa don kunya. Wani ya ce kuɗin hayar ɗaki na wata uku ke kansa. Ɗan Dosso ya ce an yi masa tayin aiki a Lome, amma yana jin nauyin barin maigidan da ya riƙe shi shekara takwas. Alhaji bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya ce da ɗan Tasawa, "Malam, Inna ba kuɗinka take nema a waya ba, muryarka take nema. Kira ta yau." Ya ce da ɗan Dosso ya tafi Lome, shi da kansa zai je ya yi wa maigidan bayani. Kuɗin haya kuma muka raba shi tsakaninmu, a biya a hankali.

Babu rezo a tudun, sai da muka dawo titi bayan Magariba salula ta kama. Ɗan Tasawa ya faka a gefen hanya wajen Kome, ya fita, ya yi nisa da mu kaɗan. Muka jira shi kusan rabin awa, babu wanda ya ce ya yi sauri.

Ɗan Dosso yana Lome yanzu. Ɗan Tasawa ya sayar da motar bayan sati uku, ya hau bas zuwa Malanvil, ya ƙetare kogin Kwara a kwale-kwale zuwa Gaya kamar yadda kowa ke yi, don ya riski damina a gida. A jakarsa akwai ƙullin gishirin Jegbaji da gorar ruwan teku da ya ɗebo wa Inna, wai ta ɗanɗana ta ji da bakinta. Ya aiko mana da saƙon murya cewa ta ɗanɗana, ta tofar, ta tambaye shi ko da wannan ruwan mutanen can ke dama fura.