Kwamfutar da ta ƙi Windows

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ruwa ya shigo mana ɗaki a nan Agege, kamar yadda ya saba duk damina, muka shiga ɗage kaya. A ƙarƙashin gado na jawo wani kwali, ina buɗewa sai ga kwamfutar nan da ta kusa haɗa ni rigima da uwargida a ƙarshen shekarar 2015. Na ce to bari in ba da labarinta tun ban manta ba.

Ga wanda bai sani ba, gyaran kwamfuta nake yi a kasuwar Computer Village da ke Ikeja. Hausawa ba mu da yawa a wannan layi, har yau akwai mai shigowa shago ya gan ni da sukundireba a hannu ya tambaye ni ina mai shagon ya tafi. Na saba.

A shekarar 2015 ne hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Babban yarona yana ajin ƙarshe na sakandare, zai zauna ta farkon 2016, kuma abin kunyar shi ne ɗan mai gyaran kwamfuta ba shi da kwamfuta a gida. Uwarsa ta kwashi adashe ta ƙirgo mini naira 25,000, ta ce in samo masa ko da tsohuwa ce, hannunsa ya saba da ɓera da allon rubutu.

Da niyyar hakan na fita, Allah ne shaida. Sai maƙwabcina a kasuwa, wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayo kayan kwantena daga Alaba, ya kira ni in duba masa wata da ta gagari yaransa. An sa mata ma'adana, an sa faifan Windows kala uku, ko kallonsu ba ta yi ba. Idan an kunna sai ta zubo rubutu, ta tsaya a kan kalma ɗaya: ok. Ya ce gobe 'yan gwangwan zai ba. Na buɗe murfin, na ga an rubuta Pegasos II a jikin allon cikinta, ƙwaƙwalwar kuma ba irin wadda muka saba gani ba ce, a kan wani kati take a tsaye. Shekaru ina wannan sana'a ban taɓa ganin irinta ba. Mai karatu, daga nan hankalina ya bar jikina. Na ba shi 9,000 cikin kuɗin adashe, na ƙara da sayen monita da allon rubutu da ɓera masu zagayen baki irin na da. Abin da ya rage ba zai sayi wata kwamfutar ba.

Da na bincika a intanet na gane abin da na saya. Wani ƙaramin kamfanin Jamus mai suna bplan ne ya ƙera ta, kamfanin Genesi ya riƙa sayarwa daga wajen 2003 zuwa 2006. Ba don ofisoshi aka yi ta ba. Akwai wata kwamfuta mai suna Amiga da ta fito a 1985, ta yi tashe a Turai, kamfaninta Commodore ya karye a 1994, amma masoyanta suka ƙi haƙura. Su aka yi wa Pegasos, tare da babbar manhajarta MorphOS. Ƙwaƙwalwarta PowerPC G4 ce mai gudun gigahaz 1, dangin wadda Apple ke sawa kafin ya koma Intel a 2006. Faifan Windows da muke da su don ƙwaƙwalwar Intel da AMD aka rubuta su. Yarensu daban, nata daban. Wato lafiyarta ƙalau, ba ta jin abin da ake gaya mata ne kawai.

Na kai ta gida na jona. Rubutu ya zubo, ya tsaya a kan ok.

“Malam, wannan ce kwamfutar?”

Na ce ita ce.

“To ina hoton?”

Na fara bayanin Jamus da Amiga. Ta saurare ni har na gama, ta ce, “Ni dai wata goma na yi ina zubi.” Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Mafita ɗaya ta rage mini, ita ce Linux. Wannan babbar manhaja ce da ake bayarwa kyauta, kuma ba kyautar ce kawai muhimmiya ba: asalin rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, kowa na da izinin ya karanta, ya gyara, ya raba. Linus Torvalds ya fara ƙashin bayanta a 1991 a ƙasar Finland, Ian Murdock ya kafa Debian a 1993. Saboda a buɗe take, duk wanda ke da wata baƙuwar na'ura yana iya juya ta zuwa yaren na'urarsa, kuma wasu bayin Allah sun riga sun yi wa Pegasos wannan aiki. Wannan ya tsaya mini a rai. Mu da muka tashi cikin kwafe-kwafen faifai muna ɓoyewa idan an ce masu kame sun shigo kasuwa, ga abin da masu shi ke cewa don Allah ka kwafa.

Na kwana a kafe ina sauko da Debian bugu na 7. Da asuba na lura na sauko da na Intel ne. Washegari na sake biyan kuɗin kwana, na sauko da wanda aka rubuta powerpc.

Wannan ok ɗin ashe wurin ba da umarni ne, na wata ƙaramar manhaja da ke cikin allon, sunanta SmartFirmware. Ba ta da jadawali irin na BIOS, sai dai ka rubuta abin da kake so. Na sa faifai na rubuta boot cd install/pegasos, na danna. Faifan ya yi ƙugi, sai ga shuɗiyar fuska tana tambayata yaren da nake so. Yaron yana gefena a kan tabarma, ya ce, “Baba, ta yi magana!” Muna tsakiyar rarraba ma'adana aka ɗauke wuta. Na aro ƙaramin janareton maƙwabta, na zuba masa mai, muka koma farko.

Inda na yi babban kuskure shi ne ƙarshe. Bayan an gama girkawa, wani shafi ya fito cike da rubutu. Hannuna da ya saba da Windows, inda aikinka kawai danna ci gaba, ya danna kafin idona ya karanta. Ashe a wannan shafin ne aka rubuta umarnin da zan ba na'urar don ta san inda Linux yake. Ta sake kunnuwa, ta dawo kan ok ɗinta kamar ba a yi komai ba.

Dare uku ina fama. Na san fayil ɗin tashi yana yanki na ɗaya na ma'adana, don ni na raba ta da hannuna. Sai in rubuta boot hd:1 da sunan fayil ɗin, ta ce ba ta gan shi ba. Na canza waya, na canza ma'adana, har na fara zargin laimar Legas ta cinye wani abu a ciki. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta dai riƙa ajiye mini abinci a gefen monita. A dare na uku yaron, wanda na ɗauka gyangyaɗi yake yi, ya ce, “Baba, a makaranta an ce kwamfuta daga sifili take fara ƙirga. A gwada sifili mana.” Na so in ce masa ya je ya kwanta. Na rubuta hd:0. Rubutu ya fara gudu a fuskar monita. Haka abin yake: Linux yana ƙirga yankunan daga 1, SmartFirmware daga 0, ɗayansu na farko shi ne sifilin ɗayan. Na kasa kallon yaron, na ce masa kawai Allah ya yi albarka.

To amma gaskiya ɗaya ce. Na sa mata Xfce saboda ba shi da nauyi, da LibreOffice, da wani wasan koyon buga rubutu mai suna Tux Typing. Waɗannan sun yi aiki sumul. Har na tarar da tsarin allon rubutu na Hausa a ciki, mai ƙ da ɗ da ɓ, abin da na daɗe ina wahalar nema a kwamfutocin shago. Intanet kuwa sai haƙuri, shafi ɗaya kana iya shan shayi kafin ya buɗe. Abin da ya fi ciwo shi ne faifan gwajin jarrabawa da ake sayarwa a kasuwa, duk don Windows aka yi su, babu dabarar da za ta sa su tashi a kanta. Dole na riƙa ba yaron kuɗin zuwa wurin gwaji duk Asabar, daga aljihuna. Uwarsa ce ke da gaskiya tun farko, kuma na gaya mata. Kuɗin adashen ma na biya ta, kashi uku. Duk wanda ya zo mini yau da maganar kwamfutar jarrabawa, ta gama-gari nake nuna masa, ba na kai shi wajen abin mamaki.

Ranar da ya dawo daga jarrabawar na tambaye shi yadda ya yi da na'urar. Ya ce na'ura ba ta ba shi matsala ba ko kaɗan, har ya nuna wa na kusa da shi yadda ake riƙe ɓera kafin a fara. Lissafi ne ya ba shi wuya.

Yanzu zamani ya wuce ta. Debian bugu na 8, na 2015, shi ne na ƙarshe da ya ɗauki irin wannan PowerPC ɗin a hukumance. Da na 9 ya fito a 2017 an ajiye shi, sai 'yan sa-kai da suka ci gaba da kula da shi a gefe. Shekaranjiya da ɗakin ya bushe na jona ta in gani. Fanka ta juya, rubutu ya zubo, ta tsaya a kan ok. Na zauna ina ta ƙoƙarin tuna umarnin, ya ɓace mini gaba ɗaya. Da na juya akwatin don in duba wayar ma'adana, sai na ga wata takarda manne da salatif a gefensa, tawadar ta fara kodewa, da rubutun hannun yaron. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin sifilin.