Kuɗin 'yar tsana ne ya kai ni Dutsen Shere

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau yana da tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. Tun da hoton nan ya fita, wanda aka ɗauke ni a kan dutse da allura a hannu da giwar ƙyalle a cinya, ban huta da tambaya ba. Gara in faɗi komai a wuri ɗaya.

E, ni ne. Ni nake ɗinka 'yan tsanan nan da kuke gani a hannun mutane a Naraguta da Bauchi Road. Fiye da shekara ina cewa na wata ƙanwata ne nake taya ta sayarwa. Ƙarya nake yi. Ba ni ma da ƙanwar da ta iya saka zare a allura.

Abin ya samo asali ne lokacin yajin aikin ASUU na 2022. Kun dai tuna, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur muna gida. Ni a Azare na yi nawa zaman. Barci ya ishe ni, kallon ƙwallo ya ishe ni, majalisa ma ta fara gundurata. Yayata tela ce, ɗinkin mata take yi a cikin gida, kuma duk sati sai ta tara ƙyallaye cikin buhu a kai bola a ƙona. Wata rana ɗiyarta ta kwana tana kuka a kan wata 'yar tsanar roba da ta gani a kasuwa. Sai na tuna yadda 'yan matan unguwarmu suke haɗa tasu da kara da totuwar masara muna yara, su yi mata kitso da zare, su goya ta da tsumma. Na ce bari in gwada da ƙyalle. Na buɗe YouTube na ɗan kalla, na ɗauki almakashin Yaya.

Zomo na yi niyyar yi. Abin da ya fito ya fi kama da jakin da haƙori ke damu. Amma yarinyar nan ta karɓe shi ta goya, ta hana kowa taɓawa, har barci da shi take yi.

Masu tambayar yadda ake yi, ba wani sirri a ciki. Ka zana siffar a kwali ka yanke. Ka ninka ƙyalle biyu, fuska na kallon fuska, ka ɗora kwalin ka zagaye da allin tela, ka yanka amma ka bar tazarar kamar faɗin ɗan yatsa. Ta baibai ake ɗinkewa, da ƙananan ɗinki a matse, sai ka bar 'yar ƙofa. Kafin ka juya shi, ka ɗan tsattsaga bakin ƙyallen a duk inda ya lanƙwasa, kamar kunne da hammata, in ba haka ba zai tattare ya yi muni. Wannan kaɗai sai da na ɓata guda biyar kafin na gane. Sai ka juya, ka cusa, ka rufe ƙofar da ɗinkin da ba ya nunawa. Abin cusawa kuwa, audugar rimi ta fi komai laushi da rashin nauyi, amma samunta wuya, kuma in aka wanke sai ta dunƙule. Yankakken soso yana da araha amma ƙulu-ƙulu yake yi. Yanzu faiba nake saya a wurin masu haɗa kujeru. Ido kuma da maɓalli na fara, har ranar da wani jariri ya ɓalle ɗaya ya kai baki, Allah ya sa uwarsa na kusa. Tun ranar da zare nake yin ido, ko da mai saye ya ce maɓalli ya fi kyau.

Da aka janye yajin aiki na dawo Jos, sai na tarar garin nan kamar don sana'ar aka yi shi. Saboda sanyi, gwanjon Katako cike yake da rigunan sanyi masu laushi. Waɗanda zif ɗinsu ya lalace ko hannu ya yage, ba mai so, a banza ake ba ka. In wanke da ruwan zafi, riga ɗaya ta ba ni manya biyu da ƙarami ɗaya. Da wannan na biya kuɗin handawut, da wannan na ci abinci bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da kuɗin keke ya fara gagarar ɗan makaranta. Amma kullum da dare nake ɗinkin, ƙofa a rufe, kamar mai aikin asiri.

To ina dutse ya shigo?

Akwai wani ɗan ajinmu ɗan Pankshin, tun aji ɗaya muke tare. Wata rana ya ce min, "Kai malam, shekara nawa kana Jos? Ban da Bauchi Road da Terminus da Babban Masallaci, ina ka sani?" Na buɗe baki zan yi musu, na rasa abin faɗa. Kuma ku faɗi gaskiya, yawancinmu haka muke. Ranar da ka sauka a garin nan, manyanka na makaranta za su zana maka taswira a ka: nan ana shiga, nan ba a shiga, nan kar magariba ta same ka. Ba na raina wannan taswirar. Akwai 2001, akwai 2008, akwai 2010, kuma da idona na ga watan Agustan 2021, lokacin da aka dakatar da jarrabawa, gwamnatocin jihohi suka turo motoci aka kwashe ɗalibai. Tsoron yana da tushe. Sai dai abin kunya ne a ce ni ɗalibin ilimin duwatsu ne, ina haddace sunan dutsen Shere don jarrabawa, ina hango shi daga nesa kullum, ban taɓa taka shi ba.

Mu bakwai muka shirya, a watan Janairu, tsakiyar hunturu. Akwai masu shirya irin wannan fita duk Asabar da mota da komai, amma kuɗinsu ya fi ƙarfinmu. Karo-karo muka yi. Ni 'yan tsana uku na sayar na biya nawa kason. Tanti ba mu da shi, sai wani mai kayan miya a Farin Gada ya ara mana tamfol. Muka haɗa da igiya, tabarma biyu, bargo kowa da nasa, tocila, tukunya ɗaya. Abinci kuwa na ɗan makaranta: garin kwaki, ƙuli, suga, burodi, Indomie, ganyen shayi, da dankalin turawa wanda a Jos shi ne abin da ba ya ƙarewa. Ruwa jarka biyu, wanda daga baya muka gane wauta ce.

Shere tana gabas da gari, kamar kilomita 10, ta ɓangaren Lamingo. A can ne makarantar horon 'yan Man O' War take. Abu ɗaya da muka yi daidai shi ne ba mu hau kai tsaye ba. Abokin nan nawa ya ce sai mun gai da mutanen wurin. Muka shiga ƙauyen da ke gindin dutsen, na Afizere, waɗanda muke kira Jarawa, muka gai da mai unguwa, muka faɗi ko mu su waye da inda za mu kwana. Ya haɗa mu da wani matashi ya yi mana jagora, muka ba shi ɗan abin da ya sauwaƙa. Duk wanda zai je, kar ya yi rowar wannan kuɗin. Duwatsun kama suke da juna, kana juyawa sau biyu ka manta ta inda ka fito.

Ni kuma gwanin wayo, da takalmin fata na zuwa lakca na tafi. Dutsen nan sumul yake, santsi kamar an shafa mai. Rabin hawan da hannu da gwiwa na yi shi, jagoranmu da silifas ɗin roba yana tafe kamar akuya yana jirana. Muka bi ta wani matsatsi da sai ka cire jaka ka bi a karkace, muka ga manyan duwatsun da ake kira Gog da Magog.

Amma da muka kai sama, wallahi na manta da gwiwata. Garin Jos kansa yana kan tudu kamar mita 1,200 daga teku, ƙololuwar Shere kuma ta kai mita 1,829, ita ce mafi tsawo a tudun Filato. Kana ganin dam ɗin Lamingo a ƙasa kamar faranti, gari ya baje, ba ka iya nuna inda unguwar wane ta ƙare ta wane ta fara. Dutsen da nake zaune a kai ya haura shekara miliyan 150, kuma daga irinsa kuzar da ta tara mutane a Jos ta fito. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ruwa. Daga tudun nan kogin Kaduna yake tasowa, da Gongola, da kogin Jama'are da ke wucewa kusa da garinmu. Ruwan da na yi wanka a ciki ina yaro, daga nan yake gangarowa.

Sai dare ya yi.

Ku da kuke kukan sanyin hostel, ba ku ga komai ba. Iska ta ɗauke tamfol sau biyu, muka danne shi da duwatsu muka shige ƙarƙashi kamar buhunan albasa. Ruwa ya kusa ƙarewa tun isha'i, muka bar sauran don sha, asuba da taimama muka yi ta. Can wajen ƙarfe ɗaya wani ɗan Gusau da ke cikinmu ya fara karkarwa har haƙoransa na kaɗawa. A nan asirina ya tonu. Akwai odar da zan kai ranar Litinin, don haka na taho da leda cike da faiba da 'yan tsana uku da ban gama ba, a ƙasan jaka na ɓoye. Na zazzage. Muka cusa masa faiba a safa da cikin riga, sauran muka rarraba, 'yan tsanan suka zama matashin kai. Ba wanda ya yi dariya a lokacin. Sai da gari ya waye suka rama.

Wajen ƙarfe uku muka ji motsi da haushin karnuka a ƙasa. Kowa ya yi tsit. Jagoranmu ya leƙa ya ce shanu ne ake wucewa da su, mu kwanta. Su sun kwanta, ni ban ƙara runtsawa ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne duk gidanmu ba wanda ya san inda nake. Da wani abu ya faru, za a ce wa Baba ɗansa yana hostel.

Da safe rana ta fito, na zauna ina ƙarasa giwar nan tunda an riga an gani, abokina ya ɗauka ya ɗora a Facebook. Kafin mu sauko hoton ya isa Azare. Ɗan kawuna ya nuna wa Umma, Umma ta nuna wa Baba.

Da daddare ya kira. Sunan mahaifinsa na ci, don haka Babana yake ce min.

"Babana, jiya a ina ka kwana?"

Na fara kame-kame, ina cewa Baba ɗinkin nan ba wai na bar karatu ba ne, ɗan abin kashewa ne kawai. Ya katse ni.

"Wa ya tambaye ka ɗinki? Mai sunanka da allura ya ciyar da mu, hula yake ɗinkawa. Ni tambayata, wa ka gaya wa za ka kwana a daji?"

Na yi shiru. Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. A watan Satumbar 2001 ya zo Jos sarin dankali, rikici ya rutsa da shi. Kwana huɗu ya yi a cikin wani shago, ba waya a hannunsa, ba hanyar aika saƙo. Umma tana da cikina a lokacin. Har mutane sun fara shigowa gida suna yi mata jaje. Ya ce, "Uwarka ta yi wannan zaman sau ɗaya. Ba za ta sake yin sa a kanka ba."

Fiye da shekara ina ɓoye allura don kar ya ji, ashe ita ko a jikinsa. Abin da ban ɗauka komai ba shi ne ya hana shi barci.

Ya sa na yi alkawari: hawa dutse ban da kwana, kuma in kira kafin in tafi, in kira in na dawo. Na karɓa. Ba zan ɓoye muku ba, yana min ciwo, don fitowar ranar nan da na gani a Shere ba a samunta sai an kwana. Amma na yi alkawari.

Masu kwament na "aikin mata" da masu kirana ɗan daudu, na gani, na gode. Telan da ya ɗinka kaftanin da kuka sa a hotonku namiji ne. Wanda kuma ya tambaya da gaske game da hukuncin siffa, ni ma na damu da wannan tun farko, na tambayi malamin da na yarda da shi, ya tuna min cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana tana yarinya, kuma malamai da yawa sun sauƙaƙa a kan abin wasan yara. Kai ma ka tambayi naka.

Asabar ta sama muna son zuwa Assop Falls, a kan hanyar Abuja. Fita bayan asuba, dawowa kafin magariba, karo-karo kamar kullum. Mai zuwa ya zo da takalmi mai kama ƙasa, da ruwansa aƙalla lita biyu, kuma sai ya kira gida a gabana kafin ya shiga mota. Masu odar giwa kuma ku yi haƙuri sai bayan jarrabawa, faibar ma rabinta tana cikin safar ɗan Gusau, har yau bai dawo min da ita ba.