Shata Bai Gaji Waƙa Ba

Duk sa'ad da aka ce basira gado ce, Mamman Shata nake tunawa. A Musawa aka haife shi, gidan Fulani, ba gidan makaɗa ba, kuma mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Muryar nan, da saurin ƙirƙirar baiti nan take, baiwa ce daga Allah. Amma a dandali da kasuwanni ya goge, yana tallan goro da alewa, kalangu na tashi, jama'a su amsa ko su watse su bar shi. Ya rasu a 1999. Abin da ke damuna shi ne yaran yanzu masu irin ƙwaƙwalwarsa, da yawansu ba su da dandalin gwadawa.